Abin da jadawalin gasar tanis ta mata ya koya mini a teburin wasanni

A ɗakin labarai na rediyo irin namu, tanis maraya ne. Ƙwallon ƙafa ke lashe lokacin shirin, dambe da kokawa su samu ɗan abin da ya rage, tanis kuwa in ya samu daƙiƙa arba'in sai godiya. Ni aka ɗora wa wannan guntun, kuma mafi yawan abin da na koya a kansa daga takardar jadawalin mata masu buga ɗai-ɗai na same shi, tun kafin a buga ƙwallo ko guda.

A manyan gasanni huɗu, wato na Ostireliya, Faransa, Wimbledon da Amurka, takardar na ɗauke da sunaye 128. Gwanaye 32 ana warwatsa su yadda ba za su haɗu ba sai a zagaye na uku, ta ɗaya da ta biyu kuwa sai dai a wasan ƙarshe. Nakan buga takardar a firinta, in haɗa shafukan da salatif, in riƙa soke sunan duk wadda aka fitar da jan biro. Kafin gasa ta kwana uku rabin takardar ya yi ja, mata 64 sun tattara kayansu. Yawancinsu ba wanda zai ji sunansu a labarai, alhali kowacce da kuɗinta ta biya jirgi da albashin mai horar da ita, don a tanis babu kulob ɗin da ke biyan ɗan wasa a ƙarshen wata.

A gefen wasu sunayen akwai ƙananan haruffa, kuma a nan idona ke fara sauka yanzu. Harafin Q na nufin 'yar wasan sai da ta ci wasannin share fage uku kafin ta samu shiga, gurbi 16 ne kacal aka ware wa irinsu. A gasar Amurka ta 2021, a birnin New York, wata Ba'ingiliya mai shekara 18, Emma Raducanu, ta shigo da wannan harafi tana ta 150 a jerin gwanayen duniya. Ta ci uku na share fage, ta ci bakwai na ainihin gasar, ba ta bar wa kowa ko turmi ɗaya ba, wato kashi ɗaya daga cikin kashe-kashen da ake raba wasan tanis. A hanya ta kawar da Belinda Bencic, wadda ba ta daɗe da cin zinare a Olamfik na Tokyo ba, sannan Maria Sakkari. Ranar 11 ga Satumba ta doke Leylah Fernandez ta Kanada, mai shekara 19, da ci 6-4, 6-3, ta ɗauki dala miliyan 2.5. Kafin ita babu wanda ya taɓa tasowa daga share fage ya ɗauki babbar gasa, mace ko namiji, kuma rabon mace 'yar Birtaniya da irin wannan kofi tun Virginia Wade a 1977. Ita ma Fernandez ba a sa ta cikin gwanayen ba, amma ta kayar da Naomi Osaka da Aryna Sabalenka kafin ta iso. Duk ɗan jaridar da ya zuba wa manyan sunaye ido kaɗai, labarin ya wuce shi da mako biyu.

Shekara na zagayowa Alizé Cornet ta Faransa ta fitar da Raducanu a zagayen farko na gasar Amurka, sai ga ta ta zame ƙasa da ta 80 a jerin gwanayen duniya. Editanmu ya leƙo ta saman gilashinsa ya ce, "Malam, wai yarinyar nan taka har ta ƙare ke nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wa'adin makinta ne ya cika." Makin da ake jera gwanayen tanis da shi kamar kuɗin hayar gida yake, na mako 52 ne, in ba a sabunta ba ya tafi. Kofin Amurka maki 2,000 ne, ranar da shekara ta cika aka cire mata su gaba ɗaya, aka ba ta ɗan abin da ake bai wa wadda ta faɗi a zagayen farko. Saboda haka in zan ce wance ta hau ko ta sauka, sai na fara duba abin da ta yi a wannan makon bara. Ban kuma yarda da masu cewa sa'a ce kawai ta kai ta ba. Sa'a na iya ba mutum wasa ɗaya, turmi ashirin a jere kuwa aiki ne. Abin da ya biyo baya, har da tiyatar da aka yi mata a wuyan hannu biyu da idon sawu a 2023, labari ne daban.

Sai batun agogo. A ƙwallon ƙafa, in ana 3-0 a minti na 85, ka rubuta rahotonka ka tafi shan shayi. Tanis ba shi da agogon da zai ceci mai gaba, dole sai ta ci makin ƙarshe da hannunta. A wasan ƙarshe na Ostireliya a 2002, cikin zafin Melbourne, Martina Hingis ta ci turmin farko 6-4, tana gaba 4-0 a na biyu. Sau huɗu maki ɗaya ya rage mata ta ɗaga kofi, sau huɗu Jennifer Capriati ta hana, daga ƙarshe Capriati ta yi nasara 4-6, 7-6, 6-2. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Shi ya sa nakan shirya kanun labari biyu in ajiye, ba na miƙa ko ɗaya sai 'yan wasan sun gaisa a bakin raga.

Ko cewa "an fitar da ita" a share fage ba na saurin yi, saboda haruffan LL. Su ne alamar wadda ta faɗi a share fage, sai wata ta janye daga gasar aka cike gurbin da ita. Haka Coco Gauff ta shiga gasar Linz ta ƙasar Ostiriya a watan Oktoban 2019, tana da shekara 15, bayan an riga an doke ta. A ƙarshen makon ta kayar da Jelena Ostapenko, wadda ta taɓa cin gasar Faransa a 2017, ta ɗauki kofinta na farko na ɗai-ɗai a gasannin WTA, wato hukumar tanis ta mata.