Titanic ya kai ni Cobh, yunwa ta riƙe ni

Tun a tashar jirgin ƙasa ta birnin Cork, a ƙasar Ayaland, na fara kwasar kunya. Na ce wa mai sayar da tikiti "Kob" zan je, ya yi murmushi ya ce ai "Kov" ake faɗa, ko da yake Cobh ake rubutawa. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba.

Ni dai Titanic, katafaren jirgin ruwan nan da ya nutse, shi ne ya kai ni. A nan ya yi zangonsa na ƙarshe ranar 11 ga Afrilu 1912, ya ɗauki mutum 123. Na zaci zan ga inda ya jingina da gaɓa, ashe ko shigowa bai yi ba. Can bakin mashigar teku ya tsaya, ƙananan jirage biyu suka kai masa fasinjoji da buhunan wasiƙu. Abin da ya rage tsohuwar gadar katako ce, duk ruwa ya ci ta.

Sai da na shiga gidan tarihin da ke tsohuwar tasha na gane garin ya girmi wannan labari nesa ba kusa ba. A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin turawa, abincin talakan Ayaland, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya. Daga 1848 zuwa 1950 kusan miliyan biyu da rabi suka bar ƙasar ta wannan ɗan garin, akasari zuwa Amurka. Ba cin rani ba ne, tafiya ce ta ba dawowa. Shi ya sa daren tashi dangi kan taru a yi wa matafiyi zaman makoki yana zaune da ransa. Wannan ya tsaya mini a rai.

Ko sunan garin bai tsira ba: Sarauniya Victoria ta zo a 1849 aka mai da shi Queenstown, wato garin sarauniya, sai 1920 aka sauke mata sunan.

Kuskurena, na ɓata safiya wajen ɗaukar hoto, ga takalmi mai santsi, gari kuwa duk hawa ne. Yamma liƙis na isa tsohuwar maƙabarta, inda aka binne da yawa daga mutanen Lusitania, jirgin ruwan da Jamus ta nutsar a 1915. Manyan ramuka uku aka haɗa su, wasu ko suna babu. Ina tsaye nan aka fara yayyafi, na juyo da sauri kada jirgin Cork ya bar ni.