Kwamitin da ke riƙe da linzamin aiki

Shekarata 11 ina haƙa rijiyar burtsatse da ɗora mata famfo mai aiki da hasken rana. Mu bakwai ne a kamfanin, har da direban motar haƙa. Duk aikin da aka kira ni, kafin in tambayi nawa ne kuɗin, sai na tambayi wa ke da ta-cewa.

Wuya ce ta koya mini haka. Na taɓa karɓar wani aiki da ba shi da kwamitin jagoranci. Yau wannan ya zo ya ce a ƙara tsawon ƙarfen tanki, gobe wancan ya ce a ja bututu zuwa masallaci, duk da fatar baki. Na yi. Ranar biya kowa ya ce ba da yawunsa ba, ni na kwana a ciki.

Kwamiti ba ya riƙe shebur, ba ya kuma koya wa yarana ɗaura bututu. Nasa shi ne yanke magana: sauya wuri, ƙarin kuɗi, ɗage wa'adi, da sa hannu cewa an kammala wannan mataki a saki kuɗin na gaba. Mutanen karkara da dama sun saba da tsarin tun zamanin CSDP, wani shirin raya al'umma da Bankin Duniya ya tallafa wa a baya, inda a lokacin al'umma ke zaɓen kwamitinta ta kuma kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki.

A wani ƙauye kudu da Kano, inda ƙasa dutse ce kuma ruwa sai a tsagar dutsen, an so rijiya a ƙofar gidan dagaci. Na'urar gwaji ta ce babu. Inda ta nuna ruwa kuwa gefen gonar wani dattijo ne, tafiyar mita 300. Ni ba ni da hurumin roƙon fili, balle in ƙara kuɗin bututu da kaina.

Kwamiti ya zauna bayan La'asar a gindin darbejiya: wakilin dagaci, liman, injiniyan masu ba da kuɗi, jami'in ruwa na ƙaramar hukuma da shugabar mata. Na shimfiɗa takardar gwajin a kan tabarma, aka danne ta da dutse saboda iska. Liman ya dubi mai gonar ya ce, “Baba, sadaka mai gudana ce ta zo har gonarka.” Dattijon ya ba da taku goma, aka rubuta, ya dangwala.

Shugabar matan, wadda tun farko ba ta ce uffan ba, ita ta gyara mini zanen aikin. Ta ce, “Malam, kan famfon nan ya yi ƙasa, jarka ba za ta shiga ba.” Gaskiyarta, kuma mu maza duk ba mu lura ba. Injiniya ya amince da ƙarin bututun a rubuce kafin a kira Magariba. Washegari da sassafe muka kafa mota, a mita 52 ruwa ya feso.