Tsara atisayen ɗaga ƙarfe tsakanin azumi da aikin Hajji

Samarinmu da ke zuwa nadi, wato gidan motsa jiki, a Jidda da Makka ba su rasa ƙarfi ba, abin da yawancinsu suka rasa shi ne tsari. Duk daren Alhamis za ka tarar an yi cincirindo a kan benci ɗaya, ana ta jera jajayen faifai masu kilo 25, kowa yana son ya nuna iyakarsa, wani ya doka sandar a ƙirji ta yi tsalle, abokinsa ya sa yatsu biyu ya taya shi yana cewa wallahi bai taɓa ba. Wanda yake nufin shiga gasa da gaske dole ne ya bar wannan al'ada, domin gwada iyakar ƙarfi kowane mako yana cinye ƙarfin da ya kamata a tara.

Gasar kanta ita ce ke faɗa wa mutum yadda zai yi atisaye. Ɗagawa iri uku ce: tsugunawa da sanda a kafaɗa, sai turawa daga ƙirji a kan benci, sai ciro ƙarfe daga ƙasa har a miƙe. Kowane iri ana ba mutum dama uku, a ɗauki mafi nauyin da alkalai suka amince da shi, a haɗa jimla. A dokokin IPF, hukumar wannan gasa ta duniya wadda aka kafa a 1972, alkalai uku ne ke zaune, kuma sai aƙalla biyu sun kunna farar fitila kafin a ƙirga ɗagawar. A tsuguno sai kwatangwalo ya sauka ƙasa da saman gwiwa, a benci kuwa sai sandar ta tsaya cak a ƙirji har alkali ya ba da umarnin turawa. Saboda haka duk kilon da mutum ya ɗaga a nadi ba bisa waɗannan sharuɗɗa ba, ni ba na rubuta shi a littafin atisaye.

Tsarin da nake bi yana farawa ne daga ranar gasa a ƙirgo baya, mako goma sha biyu galibi. A ɗauka saurayi yana tsugunawa da kilo 180 sau ɗaya, tsuguno mai kyau. A makonni huɗu na farko zai zauna wajen kashi 70 cikin ɗari, wato kilo 125 zuwa 130, yana yin sau shida ko takwas a kowane zagaye, zagaye huɗu ko biyar. Wannan shi ne ɓangaren da samari suka fi ƙi, don nauyin ba ya jawo 'yan kallo, alhali a nan ne tsoka ke ƙaruwa kuma jiki ke haddace hanyar da sandar za ta bi. A makonni huɗu na biyu sai a hau zuwa kashi 80 ko 85, kilo 145 zuwa 152.5, a rage yawan zuwa sau uku ko huɗu. Sai a makonnin ƙarshe ne zai taɓa kilo 160 zuwa sama, sau ɗaya ko biyu, da umarnin alkali daga bakin abokin atisaye, da bel da takalmin da zai sa ranar gasa. Tsakanin kowane mataki ina sa mako mai sauƙi, a rage zagaye kusan rabi, ko da mutum yana jin zai iya ci gaba. Benci yana jure a yi shi sau uku a mako, tsuguno sau biyu, amma ciro daga ƙasa mai nauyi sau ɗaya ya wadatar, domin shi ne ya fi daɗewa a baya kafin gajiyarsa ta sake.

Akwai jadawalai da yawa a intanet, kuma ba na raina su. Na Boris Sheiko, kocin Rasha, an gina su a kan yawan maimaici da matsakaicin nauyi, na Jim Wendler da ake kira 5/3/1 kuwa yana sa a yi lissafi da kashi 90 na iyakar mutum don kada ya zarme. Matsalarsu a wajenmu ita ce an rubuta su da zaton mai bi yana samun barci cikakke da abinci a kan lokaci duk shekara. Shi ya sa nake haɗa lissafin kashi da ma'aunin da Mike Tuchscherer ya yaɗa, inda mutum ke auna wahalar zagaye daga ɗaya zuwa goma: takwas na nufin saura sau biyu a jikinsa, tara saura ɗaya. Idan jadawali ya ce kilo 150 amma ranar nauyin ya zo kamar tara maimakon bakwai, sai a cire kilo biyar ko goma ba tare da jin kunya ba.

Inda tsarin ya fi buƙatar tunani shi ne watan Ramadan, wanda ke matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka jadawalin bara ba zai hau kan bana ba. Duk da cewa dokar ƙwadago ta Saudiyya ta rage wa musulmi aiki zuwa awa shida a rana a watan, barci yana rabuwa gida biyu, ruwan jiki yana ƙasa, kuma dare ya zama rana. Abin da na ga ya fi dacewa shi ne a buɗe baki da dabino da ruwa da laban, wato nono, a ci abinci mara nauyi, a yi atisaye bayan tarawihi, sannan a ci babban abincin tsakanin dawowa da sahur. Ina riƙe nauyin yadda yake, in rage yawan zagaye da kusan kashi ɗaya bisa uku, domin ƙarfi yana tsayawa muddin jiki na taɓa nauyi, yawan aikin ne ba ya iya ɗauka. Ɗaga mai nauyi gab da magariba da baki a bushe, musamman ciro daga ƙasa, ba na ba kowa shawararsa. A goman ƙarshe, lokacin da mutane ke kwana a masallaci, zuwa nadi sau biyu a mako ya isa.

Lokacin Hajji kuma wani lissafin ne ga 'yan'uwanmu da ke aiki a masaukan alhazai, ko tura keken tsofaffi, ko dakon kaya. Mutumin da ya wuni a tsaye cikin zafin Makka ya riga ya yi wa ƙafafunsa da bayansa atisaye, ko da bai taɓa sanda ba. Irin wannan ɗan'uwa ya sa makonninsa masu sauƙi su faɗo a kan Zulhajji, ya nemi gasar da ke nesa da watan.

A mako biyun ƙarshe kafin gasa ba a ƙara ƙarfi, gajiya kawai ake saukewa. Ciro mai nauyi na ƙarshe ya kasance kwana goma ko fiye kafin ranar, tsuguno kamar mako guda, benci kwana huɗu ko biyar. Game da nauyin jiki, tun da awo a IPF awa biyu ne kacal kafin a fara, wanda ke kilo 85 kuma gasarsa ta farko ce gara ya shiga rukunin masu kilo 93 da ya ƙona ruwan jikinsa don ya kai 83. Saurayin nan mai kilo 180 zai buɗe da 165, nauyin da zai iya yi sau uku ko da bai yi barci ba, ya bi da 175, sannan ya duba yadda na biyun ya tashi kafin ya miƙa wa teburin alkalai 180 ko 182.5, kuma minti ɗaya kawai yake da shi na yanke wannan shawara.