Ruwan Chalawa gabas yake tafiya

Gobe Juma'a zan miƙa makullin ofis bayan shekara huɗu. Cikin duk abin da ya wuce, wata takarda mai shafi goma sha biyu ce ta ƙi barin raina.

A shekarata ta biyu aka ɗora min rubuta takardar neman tallafi. Masu kuɗin suna neman ayyukan rage gurɓatar tekun da ƙasashen gaɓar Afirka ta Yamma suke tarayya a kansa, irin wanda Yarjejeniyar Abidjan ta 1981 ta tanada. Na yi karatu ba kaɗan ba. Na san labarin gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin jihar Delta ta yanzu, a 1988, na san na jirgin Probo Koala da aka watsa shararsa a Abidjan a 2006. Sai na ce ai mu ma a Kano muna da namu: dagwalon majemun Chalawa da Sharaɗa, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam. Na rubuta ƙuru-ƙuru cewa dagwalon nan yana gangarawa har tekun Atlantika.

Ranar gabatarwa, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin ruwa ya ɗaga hannu. "Ɗana, ruwan Chalawa ina ya nufa?" Na ce, "Teku, ranka ya daɗe." Bai ɗaga murya ba. Ya bi da ni tiryan-tiryan: kogin Chalawa ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya faɗa Komadugu Yobe, ya ƙare a Tafkin Chadi. Ko ɗigo ba ya ganin teku.

Kuskuren nawa ne, ban taɓa musu ba. Abin da ya yi min ciwo shi ne oga. Sau biyu ya karanta takardar, ya gyara waƙafi da jan biro, ya sa hannu. Amma a gaban mutane sai ya ce ai ya gaya min in sake dubawa. Wallahi bai faɗa ba. Wata shida yana maimaita zancen duk lokacin da baƙi suka zo.

Na koma wajen dattijon nan, har gida. Shi ya nuna min cewa abin da nake nema a Abidjan yana ƙofarmu. Tun 1964 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da Tafkin Chadi, kuma Komadugu Yobe shi ne iyakarmu da Nijar ta wajen Diffa. Wanda ya zuba dagwalo a Kano ba shi ke kamun kifi a Nguru ba, kamar yadda mai jibge guba a Koko ba a Koko yake kwana ba. Takarda ta biyu da na rubuta a kan wannan ta samu shiga. Sunana ba ya bangonta, amma ma'aikatan ofis sun san wanda ya yi ta sintiri bakin kogi da kwalaben gwaji cikin zafin bazara.

Ga wanda zai gaje ni: ka buɗe taswira kafin ka buɗe kwamfuta. Tsofaffin ma'aikatan ruwa suna nan da ransu, ka neme su. Duk umarnin da aka ba ka da baki, ka nemi a rubuta.

Kwafin takardar farko, mai jan biro da sa hannun oga, yana cikin jakata. Da shi zan tafi.