Yau na buɗe wa turarena shafi

Asabar, bayan isha'i.

Alhamdulillah yau dai an yi. Abin da na fi wata shida ina cewa gobe gobe, yau ƙanina ya zaunar da ni muka buɗe wa turaren wutana shafi a Instagram, ɗayan layina kuma muka mayar da shi WhatsApp Business. Bayana sai ciwo yake saboda sunkuyo amma sai na rubuta kafin na kwanta.

Shekara huɗu kenan ina haɗa turare a gida kuma duk cinikin a unguwa yake, 'yan islamiyyarmu, ƙawayen Umma, sai in biki ya taso a ce na haɗa wa amarya. Abin da ya zaburar da ni bikin da muka je Gwammaja ne satin da ya wuce, wata baiwar Allah ta ji ƙamshin mayafina ta ce a ina na saya, na ce ni nake yi, ta ce to ba ni shafinki na duba. Na ce ba ni da shi. Ta ce ayya, ta wuce abinta. Wallahi har muka dawo gida maganar na cina.

Suna muka fara. Ni dama na riga na yanke sunan kakata zan sa, don a gabanta na koya lokacin da nake zuwa hutu Maiduguri, ita ta nuna min yadda ake wanke itace a shanya shi ya bushe ƙarau kafin ya ga wuta, da yadda ake gane sukari ya narke daidai bai ƙone ba. Muka rubuta aka ce wani ya riga mu, muka sake aka ce an ɗauka, sai da muka liƙa kano a ƙarshe sannan ya karɓa. Wajen bayanin shafi kuma harafi 150 kawai suka ba da. Ƙanina ya zuba turanci mai daɗi, na ce goge, masu sayen kayana Hausa suke ji. Muka sa turaren wuta da humra haɗin gida, muna Kano, ana turawa ko'ina, sai lambar waya. Ya juya shafin zuwa na 'yan kasuwa, wai ta haka zan dinga ganin mutum nawa suka kalli abin da na ɗora.

Hoto ne ya cinye mana yinin. Na farko da muka ɗauka duk sun yi dishi-dishi kamar an yi hazo, muna ta ɗora wa wayar laifi ashe maiƙon madarar turaren hannuna ne ya shafi gilashin kamara, yana gogewa da gefen rigarsa komai ya fito fes. Na shimfiɗa farin zanin gado a bakin taga na jera kwalabe, sandal, hawi, gabgab, kajiji, da humra fara da baƙa. Hayaƙin ne ya ƙi fita sam, a kan fari ba ya ganuwa. Umma ce tana daga kan tabarma ta ce ku rataya baƙin hijabi a baya mana. Muka rataya a jikin ƙofa, na hura gawayi ya yi ja na zuba a kasko, na barbaɗa sandal kaɗan, hasken taga na dukansa ta gefe, sai ga hayaƙi yana murɗawa sama siriri fari tas. Na daɗe ina kallon bidiyon nan. Fuskata ba ta ciki, hannuna ne kawai da lallen bikin da bai gama fita ba, haka muka yi da Abbansu tun farko kuma ni ma haka ya fi min.

A nan ne muka ɗan haura da ƙanina. Ya ce Yaya kwalabenki ba su da kyau, bari na sauko miki da hotunan masu ruwan gwal daga intanet mu fara da su, kuma akwai masu sayar da mabiya, da kuɗi kaɗan za ki wayi gari da dubu biyar. Na ce ko ɗaya ba zan yi ba. Mace ta ga kwalbar gwal ta turo kuɗinta, ta buɗe saƙo ta ga wata daban, me zan ce mata, me zan ce wa Allah? Mabiyan kuma da ba mutane ba ne wa zai sayi turare a cikinsu. Ya yi shiru, can ya ce gaskiya ne. Na san don ya ga na ci gaba yake faɗa, ban ji haushinsa ba.

Farashi ma na rubuta shi ɓaro-ɓaro a ƙasan kowane hoto. Abin da ya fi ba ni haushi a shafukan mutane kenan, ka ga kaya ka tambayi kuɗi a ce ka zo ta ciki, ka ƙona data a banza ga ta ta yi tsada tun da aka ƙara kuɗinta a farkon 2025. Mai kuɗin saye ta saya, wadda ba ta da shi yau ta san nawa za ta tara.

WhatsApp Business ɗin ya fi min sauƙi don na saba da gidan. Akwai katalog, ka sa hoto da suna da kuɗi, duk wanda ya shigo ya gani ba sai ka yi ta turo hotuna ɗaya ɗaya ba, akwai kuma saƙon da yake amsawa da kansa in ba ka kusa, na rubuta ina kan wuta zan amsa in na sauke insha Allah. Abin da ban sani ba sai yau, saƙon da ake turawa mutane da yawa lokaci guda mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai samu ba. Don haka duk wadda ta sayi ko na ɗari biyar ne sai na roƙe ta ta yi sebin. Ƙanina ya sa min lambar sirri mai guda shida ya ce ko shi ya kira ya tambaya kar na faɗa. Na san dalili, ƙawata aka kira wai za a sa ta a taron wata ƙungiya ta karanto lambar da ta shigo mata, kafin la'asar an ƙwace layin ana ta roƙon kuɗi da sunanta. Batun biya kuwa tun wahalar takardun kuɗi ta 2023 kowa ya koyi tiransifa, dokata ɗaya ce, ba na aiki da hoton rasit, sai na buɗe akawun na ga kuɗin da idona kaya zai fita.

Zuwa magariba mabiya 41, yawanci dangi ne da 'yan islamiyya. Ba a yi oda ko ɗaya ba. Amma bayan na idar da salla sai ga saƙo daga wata a Zariya, wai a sitatus ɗin 'yar kawuna ta gani, ta ce Anti don Allah ya ƙamshin hawin nan yake?

Na riƙe wayar na rasa abin rubutawa. Duk wahalar yau ta hoto ce, kuma hoto ba ya kai ƙamshi. A gida in aka tambaye ni garwashi kawai nake ɗebowa na ce ji da kanki. Na rubuta na goge ya fi sau biyar, ƙarshe na yi mata murya na ce ba ya hawa kai, a hankali yake tashi, kuma in kika turara labule da daddare za ki same shi da safe. Na ce in ba ta gamsu ba zan ƙulla mata kala uku kaɗan kaɗan ta gwada, kuɗin mota kawai za ta biya. Ta ce ta yarda.

Na ƙulla su yanzu, kowanne na rubuta sunansa a takarda na liƙa. Gobe in Allah ya kai mu ƙanina zai kai tashar Unguwa Uku ya ba direba, ya karɓo lambarsa na tura mata.