Kwalaben da kake jerawa a status, ni ma na taɓa jera irinsu

Ƙarshen shekara kowa na ta zuba hotunan abin da ya yi a bana, sai ga ɗan ƙanwata ya saka nashi a status: kwalaben giyar inabi a jere kan teburi, kowacce da sunanta da sunan waɗanda suka sha tare, wai waɗanda ba zai manta da su ba. Ya ɓoye wa uwarshi da ubanshi amma ni ya bar ni ina gani, ban sani ba ko mantuwa ce ko da gangan ne tunda ya san tarihina. Yaron da ko shekara biyu bai yi da fara aiki a Abuja ba. Na kira shi, yace haba Kawu ai ba maye muke yi ba, ɗanɗano ne kawai, ilimi ne, kai ma ai ka sani. Wannan "kai ma ai ka sani" ɗin ita ta zaunar da ni nake rubutun nan, don ba shi kaɗai bane, irinshi suna da yawa.

Eh na sani. Ni a Afirka ta Kudu na koya, lokacin da wurin aiki suka tura ni kwas Cape Town. Kafin nan ko kusa da Sabon Gari bana zuwa da dare, giya a wurina abin 'yan tasha ce da masu kwana a kwata. Wata Asabar abokan karatu suka ce a je Stellenbosch, tafiyar kamar kilomita 50 ce daga birnin, gari ne tsoho tun 1679, duwatsu ga gonakin inabi layi-layi har inda ido ya tsaya, wallahi wurin yana da kyau ba zan yi ƙarya ba. Aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi cike da gangunan katako, wata mata ta jera mana kofunan gilashi masu dogon wuya, ta zuba ɗan kaɗan wanda ko cokali uku bai kai ba. Tace a riƙe ta wuyan kofin kar zafin hannu ya taɓa, a juya shi a hankali, a saka hanci ciki, a kurɓa a kurkure baki sannan a tofar a wani ɗan bokiti da ke tsakiyar teburin. Wannan bokitin shi ya yaudare ni. Nace ai tunda tofarwa ake yi ba sha bane. Na farko na tofar, na biyu na tofar, na uku ban san inda ya bi ba.

Abin da ya kama ni ba daɗinta bane, don ranar farko ɗaci da bauri kawai naji, bakina ya bushe. Abin da ya kama ni shine yadda ake magana a kanta. Na koyi cewa Pinotage inabin ƙasar ne, wani farfesa Abraham Perold ya haɗa shi a 1925 daga irin inabi biyu, Pinot Noir da Cinsaut. Na koyi cewa ba kowace mai kumfa ake ce wa shamfen ba sai wadda aka yi a yankin Champagne na Faransa, na haddace jerin manyan gidajen yin giyar inabi na Bordeaux a Faransa da aka tsara tun 1855, na san giyar Malbec ta Mendoza a Ajantina da Rioja ta Sifaniya. In na buɗe baki a teburi Turawa su yi shiru suna saurare, ɗan Kano yana musu bayani. Kai, abin yana shiga kai fiye da giyar ma. Amma a duk zaman nan ba wanda ya taɓa gaya min cewa a gonakin yankin an daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, abin da suke kira dop, doka ta hana tun shekarun 1960 amma aka ci gaba a wasu wurare har cikin shekarun 1990, kuma har yau yankin na cikin wuraren da aka fi haihuwar yara da nakasar da shan uwa ke jawowa a duniya. Wannan ba ya cikin bayanin da matar take yi. Sai daga baya na karanta, kuma ko da na karanta ɗin ban daina ba, kar in yi wa kaina ado.

Da na dawo Abuja sai muka haɗa ƙungiya, duk daren Juma'a a gidan ɗayanmu, kowa ya zo da kwalba a rufe sunanta da takarda a yi ta canka. Har littafi nake da shi, ina rubuta suna da shekara da maki, ƙarshen shekara in fitar da gwanaye, daidai abin da yaron nan yake yi sai dai ni ba status a lokacin. Kuma don Allah a fahimce ni, ban taɓa faɗuwa a titi ba, ban taɓa ɗaga wa iyalina hannu ba, kuɗin makarantar yara bai taɓa makara ba. Mutanen nan kuma ba 'yan iska bane, akwai likita akwai lauya, lokacin da Baba ya kwanta asibiti ɗaya daga cikinsu ne ya fara zuwa da kuɗi a ambulan kafin 'yan uwana na jini. Hirar da muka yi a dararen nan har yau ban sami irinta ba, wannan gaskiya ce ko da za a zage ni.

To amma lissafi ba ya ƙarya. Kwalba ɗaya mililita 750 ce, barasar cikinta kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, giyar kwalba ta gama-gari kuwa wajen kashi 5 ce. In ka shanye kwalbar inabi kai kaɗai ka sha abin da ya kai manyan kwalaben giya uku, wanda da a mashaya ka ga mutum ya yi haka cewa za ka yi mashayi ne. Ni kuwa ina yi da kofi mai dogon wuya ina kiran kaina masani. Asubar Asabar ta fara wuce ni, daga nan na daina damuwa da ta wuce. In liman ya karanto ayar Ma'ida ta 90 a tarawihi sai in sunkuyar da kai kamar da ni kaɗai yake, kuma ai da ni ɗin yake. Matata ta gane tun da wuri, kanumfari da cingam basa ɓoye komai, bata taɓa min faɗa ba, kawai ta daina jirana ta daina tambayar inda na je, kuma wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Akwai daren da na tuƙo mota daga Maitama na farka da safe ban iya tuna ta wace hanya na biyo ba, na fita na zagaya motar ina duba gabanta ko akwai jini. Babu. Ba wayona bane.

Gwajin jini ne ya tsayar da ni, likita yace hantata ta fara tara kitse, in na daina yanzu zata iya komawa daidai, in na ci gaba kuma kar in zo ina mishi kuka. Nace ai an ce jar giya tana gyara zuciya, ya yi dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a farkon 2023 ta fito fili tace babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa, kuma tun 1988 masu binciken kansa suka saka ta a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar. Kunya ce in faɗa amma tsoron mutuwa ne ya fara taɓa ni kafin tsoron Allah, Allah Ya yafe min. Da na daina, ƙungiyar nan ba wanda ya kore ni, kawai kiran waya ne ya dinga raguwa, mutum mai riƙe da kofin zoɓo yana takura wa teburi. Biyu ne suka rage min.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma, yanzu na duba babu goma. Kar ku fara, shikenan. Ba a ɗanɗana, ba a "kaɗan don kar a ce ni baƙauye ne", ku bari a ce muku baƙauyen. Ku rabu da teburin gaba ɗaya, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ko da yake kar ku wulaƙanta mutane, wanda ya muku alheri ku riƙe shi, ku je mishi suna da jana'iza, ku dai san ƙarfe nawa za ku tashi. Na san maganar nan biyu ta ci karo da juna, ni ma haka nake fama da ita.

Kuma ku yaran yanzu abin da ke ban haushi da ku ko kunyar ɓoyewa babu, mu da muka yi a ɓoye muka yi muna jin nauyi, ku kuwa sai an ɗauka an saka waƙa a kai duniya ta gani, gobe ka je neman aure a turo wa baban yarinya hoton. Ga shi rabin abin da kuke saya da albashinku ma baku san me ke ciki ba, a ƙarshen 2023 NAFDAC ta rufe wata kasuwa a Aba inda ake ɗura jabun giya a kwalaben manyan kamfanoni, ku kuma kuna nan kuna shinshina kofi kuna cewa kun ji ƙamshin itace. Wanda ya riga ya fara kuma yana karanta wannan yana tsaki, toh naji, ba zan iya ƙwace maka kofi ba. Amma in ka sha kar ka taɓa sitiyari, ka kira mota ko ka kwana inda kake, sannan ka je a duba maka hanta wannan watan, kuɗin gwajin bai kai na kwalbar da ka saka a hoto ba.