Manyan tayoyi, maleji, da zargin da na yi wa ɗan yayata

Ba don ƙawa na sa wa motar manyan tayoyi ba. Duk wanda ya taɓa ɗauko albasa daga ƙauyukan Gada ko bayan Wurno ya san yadda rairayi ke riƙe mota mai kaya, ga kuma tudun da manyan motoci ke bari a tsakiyar hanya yana gugar cikin mota. Hilux ɗina tsohuwa ce mai shan gas, da taya 205R16 ta zo. A kaka ɗaya sau uku muna sauke buhuna cikin rana tsaka don mu turo ta. Na gaji, na sayi 235/85R16 guda huɗu. Mota ta ɗaga, ta daina gugar ƙasa, har a tasha ana tambayata inda na samo su.

Ni mutum ne mai littafi. Kowace Juma'a da yamma nakan leƙa maleji in rubuta kilomitar da mota ta ci a makon, in haɗa da litar gas da aka sha. Shekara da shekaru lissafin bai cika kaucewa ba: lita ɗaya, kilomita goma ko kusa da haka. Wanda ke jan motar ɗan yayata ne, a hannuna ya tashi tun yana firamare, ni na kai shi koyon tuƙi.

Makon farko bayan sauya taya, maleji ya ba ni kilomita 910, gas kuwa lita 104. Na ce ko kaya ne ya yi nauyi. Mako na biyu haka, na uku haka. Lita goma sha wani abu na ɓacewa duk mako, kuma kowa ya san abin da ake sayar da litar gas tun da aka shiga wannan tsada. Sai zuciya ta fara saƙe-saƙe. Na tuna yaron ya sauya waya. Na tuna yana maganar aure. Ran nan bayan Isha'i na kira shi zaure, na buɗe littafin a gabansa.

Bai ɗaga murya ba. Ya dubi lambobin, ya ce, "Kawu, wallahi ban taɓa ɗibar man motag ga ba." Ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye bisa tabarma, ya yi mini sai da safe. Kwana huɗu ni ke jan mota da kaina, yayata kuma ko wayata ba ta ɗauka.

A cikin kwanakin nan huɗu abin ya bayyana. Ranar Lahadi na tafi kasuwar Illela, hanyar da na sani kamar yunwar cikina, wajen kilomita 85 daga Sakkwato. Na mayar da ƙaramin maleji sifili kafin in tashi. Da na isa, 78 ya nuna. Illela dai ba ta matso ba. A hanyar dawowa na kunna taswirar waya mai nuna gudu: allurar gudun mota na kan 80, waya na cewa 85, na taka zuwa 100, waya ta ce 106. Gumi ya keto mini, ba na zafin gari ba.

Washegari na nufi wajen wani dattijon bakanike a Buzaye da ya daɗe yana duba mini motar. Ban gama bayani ba ya sunkuya ya dubi taya. "Alhaji, yaushe kas sa mata waɗanga?" Ya aiki yaronsa ya samo alli da tef ɗin awo. Ya ja layi a gefen taya da kuma ƙasa, muka tura mota a hankali har layin ya zagayo, ya sake ja. Tsakanin layukan biyu mita 2 da santimita 45. Ya sa aka sauko da safaya, wadda har lokacin tsohuwar taya ce, aka ɗaura aka sake awo: mita 2 da santimita 24. Bambancin bai wuce taƙi ɗaya ba, amma a kowane juyi ne. Tsohuwar taya sai ta juya wajen sau 446 kafin ta cinye kilomita ɗaya, sabuwar sau 408 ya ishe ta. Shi kuwa maleji ba hanya yake gani ba, juyi yake ƙirgawa daga wata 'yar sensa da ke jikin giya, kuma har yanzu yana zaton ƙaramar taya ce a ƙasa. Saboda haka duk tafiyar kilomita 100 sai ya rubuta 91. Makon da na rubuta 910, mota ta ci dubu ɗaya cif. Lita huɗun da suka yi saura, nauyin sabbin tayoyin ne da ƙarin wahalar da inji ke sha wajen tashi.

Na tambaye shi me ya sa allura ba ta kauce da kashi tara ba kamar lambobin. Ya ce tun daga kamfani ana sa allura ta ɗan zarce gaskiya kaɗan, don haka sai da babbar taya ta cinye wannan rarar kafin ta fara nuna ƙasa. Lambobin kilomita kuwa ba su da irin wannan rarar.

Daga nan aka shiga kashe kuɗi, kuma na farkon asara ce tsagwaronta. Wani mai wayarin ya ce aikin minti ashirin ne. Ya kwance gilashin dashbod, ya zare allurar ya ɗan gusa ta gaba ya mayar, ya karɓi naira dubu 5. A kan 85 ta yi daidai da waya, ban musa ba. Amma mota na tsaye allura na nuna 5, a cikin gari tana ƙara mini abin da ban yi ba, lambobin kilomita kuma, waɗanda su ne suka haɗa ni faɗa da ɗana, ko gezau. Kuskuren taya ba adadi ɗaya ba ne da za a cike da gusa allura, yana girma ne tare da gudu: biyu a 40, biyar a 80, shida a 100. Sai da na sake biyan shi dubu 2 ya mayar da ita inda ya same ta. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da na roƙa ya yi mini.

Dattijon ya shimfiɗa mini hanyoyin da ake bi. Tsofaffin motoci masu kebur, akwai wani ƙaramin giya na roba a bakin kebur ɗin. A sauya shi da mai ƙarancin haƙora, shi ke nan, in an samu mai adadin da ake so, wanda shi ne wahalar. Sababbin da ke ɗaukar gudu daga sensar birkin ABS, sai mai kwamfuta, kuma ba kowace ke yarda a taɓa ta ba. Tawa tana tsakiya: sensa mai waya uku, don haka ana iya tsoma wani ɗan akwati kamar na ashana tsakanin sensar da dashbod, ya riƙa ƙara kashin da aka saita masa. Ban samu a Sakkwato ba. Wani ɗan'uwa ya nemo mini a Kano, ya ba motar haya. Akwatin da kuɗin aike ya tasar mini dubu 45 a lokacin, mai haɗawa ya karɓi dubu 10. In aka haɗa da dubu bakwai na allura, da gas ɗin gwaji, da yini biyu da mota ba ta fita ba, kuɗin ya doshi na taya guda. Wanda zai sayi manyan tayoyi huɗu, ya sa a ransa biyar yake saye.

Saitin ma bai yi a karo ɗaya ba. Muka hau hanyar Bodinga da sassafe kafin motoci su yi yawa, mai wayarin na gefe da waya a hannu, ni ina riƙe da gudu ɗaya. Muka sa kashi 10, ya ɗan zarce; muka sauko 9. Na ce a bi lambobin kilomita, ba allura ba, don da su nake lissafi. Yanzu tafiyar kilomita 20 a waya, maleji na ba ni 20 ko da ɗigo ɗaya a kai, allura kuma ta koma halinta na ɗan zarcewa, wanda ya fi mini kwanciyar hankali da kaya a baya. Babbar taya dama ta rage wa birki kaifi, ba na son agogon da zai riƙa ce mini ban kai ba alhali na wuce.

Akwai abin da ban yi tunaninsa ba sai da dattijon ya ambata. Juyen baƙin mai da nake yi duk kilomita 5,000 na maleji, a zahiri sai mota ta ci kusan 5,500 nake yinsa, a cikin wannan ƙura tamu. Masu motocin haya kuma da aka sa wa na'urar taƙaita gudu, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilastawa a watan Fabrairun 2017, in na'urar daga sensar giya take karatu, sauya taya na kauda ita ma daga inda aka saita ta.

Tun ranar awon alli na je gidan yayata, ban jira akwatin Kano ba. Na tarar da ita tana tankaɗe a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na zayyana mata komai, har da taƙi ɗaya da juyi 408. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ni ban san juyi ba. Kai kar rene shi, kai ka san ko ɓarawo ne." Yaron na ɗaki yana ji. Na kira shi na miƙa masa makulli da hannu biyu. Ya karɓa, ya ce ba komai Kawu, amma ya fi wata kafin ya koma cin tuwo tare da ni kamar da.

Littafin yana hannunsa yanzu, shi ke rubutawa ranar Juma'a, ni in duba. Makon jiya ya rubuta a gefen shafi cewa safaya har yau ƙarama ce, kuma in muka yi faci a hanyar Gada da kaya mota za ta karkace. Na ce masa bayan an sayar da albasar bana.